Yadda Littattafan Zane Suka Mayar da Yaran Japan Gaban Allon Dara

A manyan biranen Japan akwai wasu ƙananan shaguna, galibi a saman tsofaffin benaye kusa da tashar jirgin ƙasa, inda mutum zai biya kuɗi kaɗan ya wuni yana buga darar da ake kira Go. Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, duk wanda ya leƙa irin wannan shago ya san abin da zai tarar: dattawa 'yan fansho sun sunkuya a kan alluna, hayaƙin taba ya turnuƙe ɗakin, ba ka jin komai sai ƙarar tsakuwa tana sauka a kan katako. Yaro kuwa sai an tona.

Kwatsam, a farkon shekarun 2000, sai masu shagunan suka fara ganin baƙin fuska. Yara 'yan firamare ne, jaka a goye, wani da uwarsa, wani da abokinsa, suna tambaya ko a nan ake koyon Go. Da yawansu ba su taɓa buga wasan ba, amma sun san sunayen kambunansa, sun kuma san yadda gwani ke maƙale tsakuwa tsakanin yatsu biyu ya buga ta a allo da ƙarfi. Ba makaranta ce ta turo su ba, ba kuma gwamnati ba. Wani labarin zane da ke fitowa mako-mako a mujallar yara ne ya tunzura su.

Darar da ta tsufa tare da masu buga ta

Go ta samo asali ne daga China sama da shekara 2,500 da suka wuce, ta shiga Japan wajen ƙarni na 7. Allonta yana da layi 19 a tsaye, 19 a kwance, wato mahaɗa 361. Ɗaya yana riƙe baƙaƙen tsakuwoyi, ɗayan farare, suna ajiyewa bi da bi, kowa na ƙoƙarin kewaye fili mafi yawa. Tsakuwar da aka toshe wa kowace kafa an cinye ta. Ana iya koyon dokokin kafin shayi ya huce, amma gwanintar tana cin rayuwar mutum.

A zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga farkon ƙarni na 17, hukuma ce da kanta ke ɗaukar nauyin manyan gidaje huɗu na Go, waɗanda suka haɗa da gidan Honinbo, kuma ana buga wasanni na musamman a fadar Edo. A 1924 aka kafa ƙungiyar Nihon Ki-in a Tokyo, manyan jaridu suka riƙa zuba kuɗi a gasanni. A farkon shekarun 1980, ƙididdigar nishaɗi da ake fitarwa duk shekara a ƙasar ta nuna masu buga Go sun haura miliyan 10.

Daga nan sai abin ya fara zaizayewa. Wasannin kwamfuta sun shigo gidaje, iyalai sun ƙanƙance, kakannin da ke koya wa jikoki sun zauna a ƙauye yayin da 'ya'yansu suka koma birni. Kafin ƙarshen shekarun 1990 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 4. A fagen duniya ma Koriya ta Kudu ta ƙwace ragama, matashinta Lee Chang-ho yana ta kwashe kofuna. A idon yaron Japan na lokacin, Go wasan kakansa ne kawai.

Yaro da fatalwa

A ƙarshen 1998 mujallar Weekly Shonen Jump, wadda ta saba da labaran faɗa da na ƙwallo, ta fara buga Hikaru no Go. Wata mata mai suna Yumi Hotta ce ta rubuta labarin, Takeshi Obata ya zana. Hotta ba gwana ba ce a wasan. Tunanin ya zo mata ne bayan ta buga da surukinta. Don kada a yi kuskure a kan allo, aka ɗauko ƙwararriyar 'yar wasa Yukari Umezawa ta riƙa duba aikin, kuma yawancin wasannin da ke cikin zanen an kwafo su ne daga ainihin wasannin da gwanaye suka taɓa bugawa.

Hikaru Shindo ɗan aji shida ne, ba ya son karatu. Ya shiga ɗakin ajiyar kakansa neman abin da zai sayar, ya ci karo da wani tsohon allon Go. A cikin allon akwai fatalwar Fujiwara no Sai, malamin Go a fadar sarki kimanin shekara dubu da suka shuɗe, wanda aka yi wa ƙazafin maguɗi, aka kore shi, baƙin ciki ya sa ya faɗa ruwa. Shi Sai ɗin ba ya iya taɓa tsakuwa, don haka yana buƙatar hannun Hikaru. Burinsa guda ne: ya kai ga takun nan da babu aibu a cikinsa, wanda duk gwanayen Go ke mafarki.

Da farko Hikaru ɗan aike ne kawai, yana ajiye tsakuwa inda aka ce masa. A haka ya lallasa Akira Toya, tsaransa kuma ɗan babban zakaran ƙasa, wanda tun yana rarrafe yake gaban allo. Akira ya kasa barci, ya shiga farautar wannan yaro da ya kunyata shi. Ganin irin wutar da ke idon Akira ne ya sa Hikaru ya ji kishi, ya ce shi ma yana so ya buga da kansa. Daga nan labarin ya miƙe: kulob na makaranta, ajin almajiran Nihon Ki-in, jarrabawar zama ƙwararre.

An kammala shi a 2003 cikin kundi 23, an sayar da kwafi kimanin miliyan 25. An mayar da shi katun mai kashi 75 a talabijin daga 2001 zuwa 2003, kuma bayan kowane kashi Umezawa kan fito na 'yan mintoci ta koya wa yara taku ɗaya ko biyu.

Abin da ya kama zukata

Wani abin mamaki shi ne littafin bai damu da koyar da dokoki ba. Mutum zai iya karanta kundi 23 ɗin nan ya rufe bai iya buga wasa ɗaya ba. A ganina nan ne basirar Hotta take. Ta gane cewa yaro ba ya shiga abu don an yi masa bayani. Yana shiga ne idan ya ga wani tsaransa yana kuka a kansa.

Kuka kuwa akwai shi da yawa. Akwai almajirin da ya fi kowa iyawa a aji amma hannunsa ke rawa ranar jarrabawa. Akwai wanda shekaru suka kusa ƙure masa, ya san idan ya faɗi bana shi ke nan. Obata ya zana gumi a goshi, da yatsun da suka daskare a bakin kwanon tsakuwa, da sunkuyar da kai da ake yi idan mutum ya amsa an cinye shi. Zaman mutum biyu shiru gaban katako ya koma fagen daga.

Marubuciyar kuma ba ta yi wa masu karatunta gata ba. Ana tsaka da tafiya fatalwar Sai ta ɓace, ba ta dawo ba. Hikaru ya daina wasa don baƙin ciki, har ranar da ya gano cewa takun malaminsa yana nan a cikin nasa takun. A wasan ƙarshe na littafin ma ba Hikaru ne ya yi nasara ba; wani matashin Koriya ne ya doke shi da rabin maki. Yaron da ya karanta wannan ya riga ya san cewa shan kaye ba abin kunya ba ne a gaban allo, kuma wannan darasi ne da duk mai koyon dara yake buƙata tun ranar farko, domin watanninsa na farko kusan duk kaye ne.

Ambaliyar yara

Sakamakon ya bayyana da wuri. Azuzuwan yara da ƙungiyoyin Go ke buɗewa suka cika, makarantu suka kafa kulob, masu shiga gasar yara ta ƙasa suka ƙaru ƙwarai. Ƙididdigar nishaɗi ta nuna masu wasan sun sake haura miliyan 4 da rabi a farkon shekarun 2000. Ba a koma zamanin miliyan 10 ba, amma a karon farko cikin shekaru masu yawa sababbin shiga yara ne.

Wasu daga cikin yaran sun yi nisa. Toramaru Shibano, wanda aka haifa a 1999, ya fara wasan ne ta dalilin iyayensa da ke son Hikaru no Go. A 2019 ya ci kambun Meijin yana ɗan shekara 19.

Labarin bai tsaya a Japan ba. An fassara shi zuwa harsuna da dama, aka fara buga shi da Turanci a Amurka a 2004. A kulob-kulob na Go da ke Turai da Amurka, ba abin mamaki ba ne ka tambayi mai shekara talatin da wani abu yadda ya fara, ya ambaci sunan Hikaru. A 2020 ma China, inda wasan ya samo asali, ta mayar da labarin fim mai dogon zango da 'yan wasanta.

Shogi: labari ya haɗu da jarumi na gaske

Shogi ita ce ɗaya darar Japan, 'yar'uwar darar Turawa ta sarki da dawaki. Gida 9 sau 9, kowa da 'ya'ya 20. Abin da ya bambanta ta shi ne ɗan da ka cinye yakan zama naka, ka sake jefa shi fage ya yaƙi tsohon ubangidansa.

A 2007 Chica Umino ta fara labarin zanen Sangatsu no Lion, gwani Manabu Senzaki yana duba mata ɓangaren wasa. Jaruminta Rei Kiriyama maraya ne mai shekara 17, ya zama ƙwararre tun yana ƙaramar sakandare, yana zaune shi kaɗai a ɗakin da babu ko labule. Wasu 'yan'uwa mata uku da ke tsallaken kogi ne suka jawo shi jiki, suna ciyar da shi. Labari ne na kaɗaici, da cin zali a makaranta, da tsufa, shogi kuma tana ratsa shi. Ɗaya daga cikin taurarinsa an gina shi ne a kan Satoshi Murayama, gwanin da ya yi fama da ciwon ƙoda tun yana yaro, ya rasu a 1998 yana da shekara 29. Wannan salo ya jawo mata da manya waɗanda ba su taɓa kallon allon shogi ba.

Sai kuma sa'a ta gamu. A watan Oktoban 2016, lokacin da tashar NHK ta fara nuna katun ɗin Sangatsu no Lion, wani yaro mai suna Sota Fujii ya zama ƙwararre yana da shekara 14. Ya buɗe da cin wasa 29 a jere, abin da ba a taɓa yi ba. A 2023 ya haɗa dukkan manyan kambuna 8 a hannunsa. Japanawa da yawa sun ce da marubuci ne ya ƙirƙiro irin wannan yaro, da edita ya mayar masa da rubutunsa ya ce ya yi zuƙi.

Masu kula da shogi sun yi amfani da damar. Ana watsa wasanni kai tsaye ta intanet daga safe har dare, da sharhin gwanaye cikin raha, da ma'aunin kwamfuta a gefen allo da ke nuna wanda ke gaba. Har abincin ranar da 'yan wasa suka yi oda ya zama labari. Aka samu sabon rukunin masoya waɗanda kallo kawai suke yi, ba sa bugawa, amma suna sayen tikiti da littattafai. A 2017 an ƙiyasta masu buga shogi sun kai kusan miliyan 7.

Labaran zanen ba su ɓoye ɗacin sana'ar ba. Wanda bai tsallake makarantar almajirai ta shogi ba kafin ya cika shekara 26, galibi sallamarsa ake yi, kuma mutum huɗu ne kawai suke tsallakewa a shekara ta hanyar da aka saba.

Waƙoƙin shekara ɗaruruwa a kan tabarma

Karuta, wani wasan Japan, ba allo gare ta ba, kati ne, amma labarinta ya shiga wannan sahu. An gina ta a kan waƙoƙi 100 na mawaƙa 100 da Fujiwara no Teika ya tattara a ƙarni na 13. Ana baza kati 25 gaban kowane ɗan wasa, a ba su minti 15 su haddace wuraren. Mai rerawa zai fara waƙa, su kuma su yi rige-rigen taɓa katin da ke ɗauke da ƙarshenta. Gwanaye kan kai hannu tun harafin farko bai gama fita daga bakin mai rerawa ba.

Kafin Yuki Suetsugu ta fara labarin zanen Chihayafuru a 2007, yawancin Japanawa sun ɗauki karuta wasan bikin sabuwar shekara ne a cikin gida. Ta kammala a 2022 cikin kundi 50, bayan katun da finafinai uku. A tsakanin nan, kulob-kulob na karuta sun yawaita a sakandare, gasar ɗalibai da ake yi duk Yuli a wurin bautar Omi Jingu da ke birnin Otsu ta cika ta batse. A wasu gasannin masu koyo har ƙuri'a ake jefawa don zaɓar waɗanda za su shiga, saboda ɗakin ba zai ɗauke su duka ba.

Bayan ruwa ya janye

Ba kowa ne ke tafa wa wannan al'amari ba. Masu koyarwa sun daɗe suna lura cewa yaron da labari ya kawo yakan zo da zumuɗi, ya tarar da watanni na shan kaye, ya gudu. Go ta fi wahala a nan, domin mai koyo ba ya ma gane lokacin da wasa ya ƙare, balle ya san wanda ya ci. Sannan shagunan dattawa masu hayaƙin taba ba wuraren da uwa za ta bar ɗanta ba ne.

Alƙaluma sun goyi bayan masu wannan ra'ayi. Bayan kammala Hikaru no Go adadin masu buga Go ya ci gaba da raguwa, a 'yan shekarun nan ya faɗo ƙasa da miliyan 2. A 2023 jaridar mako-mako ta Nihon Ki-in, wadda ke fitowa tun 1977, ta daina fita. A shekarar ce kuma aka sanar da rage gasar Honinbo, mafi tsufa cikin manyan kambuna: ladan zakara ya sauko daga yen miliyan 28 zuwa miliyan 8 da rabi. A 2024 Sumire Nakamura, wadda ta zama ƙwararriya tana da shekara 10, ta koma buga wasa a Koriya ta Kudu.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa a tambayi inda Go za ta kasance da ba a yi littafin ba. Matasan da ke riƙe da kambunan Japan a yau sun tashi ne a shekarun da azuzuwan yara suka cika. Ɗaya daga cikin wannan zuriya, Ryo Ichiriki, ya ci kofin Ing a 2024, babban kofin duniya na farko da Japan ta samu cikin shekara 19.

Ni dai na fi karkata ga cewa duka biyun sun faɗi gaskiya, amma laifin ba na littafin ba ne. Hotta da Obata sun kawo yara har bakin ƙofa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamai masu haƙuri da yara, da ɗakuna masu tsabta, da abin da zai riƙe su bayan an rufe kundi na ƙarshe. Shogi ta samu jarumi mai rai da kafar intanet. Karuta ta samu malaman makaranta da suka kafa kulob. Go ta samu labarin da ya fi kowanne tasiri, amma masu kula da ita ba su shirya tarbar baƙin da ya kawo ba.

Lokacin da fatalwa ta dawo ta intanet

A watan Maris na 2016, manhajar AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta doke Lee Sedol na Koriya da ci 4 da 1 a Seoul, miliyoyin mutane suna kallo. A ƙarshen shekarar wani ɗan wasa da ba a san ko wane ne ba ya bayyana a dandalin Go na intanet da sunan Master, ya cinye manyan gwanayen duniya sau 60 ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba. Nan take masoya suka tuna da Sai, domin a cikin littafin haka ya yi: ya shiga intanet ta hannun Hikaru, ya yi ta lallasa gwanaye, duniya tana tambayar ko wane ne. Daga baya aka bayyana cewa sabon samfurin AlphaGo ne.

Lee Sedol ya yi ritaya a 2019, yana mai nuni da cewa akwai abin da ba za a iya dokewa ba. Duk da haka jama'a ba su daina kallon mutum da mutum ba, kamar yadda farin jinin Fujii ya nuna bayan kwamfuta ta riga ta doke mai riƙe da kambun Meijin na shogi a 2017. Masu kallo suna bin wanda zai iya ruɗewa, ya yi kuskure, ya dawo gobe, kuma irin mutanen nan ne masu zanen suka cika shafukansu da su.

Ina labarin darar gida?

Mu ma muna da tamu. Gurbi 30 a kan rairayi, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya da tsinke ɗaya da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Ana buga ta a ƙasar Hausa, da ƙasar Zuru, da tsakanin Zabarmawa a Nijar. A yau idan ka ga ana buga ta a gindin bishiya, galibi masu furfura ne, yaran kuma suna gefe da waya a hannu, wasunsu ma katun ɗin Japan suke kallo.

Dambe ya riga ya nuna mana cewa wasan gargajiya na iya samun sababbin masoya idan ya shiga waya da fuskoki da sunaye. Dara ba ta samu wannan ba tukuna. Kano cike take da marubutan littattafai, da masu shirya fim, da matasa masu zane a kwamfuta. Muna kira gare su da su je su zauna da gwanayen dara tun suna raye, su rubuta takunsu da kirarinsu da labaran karawarsu, su gina labarin yaro ko yarinya a kai. Shugabannin makarantu da hukumomin al'adu na jihohi kuma su tanadi malami da wurin zama kafin labarin ya fito, don yaron da ya zo neman koyo ya tarar da mai koya masa.